Tsohon Injin Milin da Sunan Oga Bitrus

Wannan babi shi ne na fi ja da baya wajen rubutawa. Labarin yarintata a Zariya cikin kwana uku na gama shi, na rubuta zuwana Abuja da aurena da mahaifiyarku ina dariya ni kaɗai, amma da na iso shekarar da na sayi injin milin sai biro ya yi mini nauyi. Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar da shi a zaure lulluɓe da tamfol, kuma duk baƙon da ya tambaya amsa ɗaya kuke ba shi, wadda kuka ji a bakina: wani tsoho ne ya ɓata shi wajen gyara. Tsohon nan yana da suna, sunansa Bitrus. Ina so ku ji yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

Oga Bitrus mutumin Filato ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon surutu. Shi ya karɓe ni ranar da na fara aiki a wata masana'antar ƙera kayan ƙarfe a Idu, ina saurayi mai ji da kai don na ɗan taɓa injin tana a gida. Shekara goma na yi a ƙarƙashinsa. Ni ina kan tana, injin da ke juya ƙarfe ana fere shi. Shi yana kan milin, wanda ke ɗaure ƙarfe a kan teburinsa yana tura shi a hankali ƙarƙashin wuƙa mai juyawa, a yanke gurbi ko a fitar da haƙoran giyar inji. Milin ɗin nan ya girme ni nesa ba kusa ba. An ce tun zamanin Turawa yake aiki wajen masu haƙar kuza, ya zaga ya zaga har ya faɗo Idu. Duk abin da na iya na awo daga hannun Oga na same shi, har da ƙwanƙwasar da yake yi mini a ka da bayan yatsa in na karanta ma'auni a gaggauce. Na ji haushinsa sau da yawa, amma ban taɓa kama shi da kuskuren awo ba ko sau ɗaya.

Shekarar da nake magana tana cikin shekarun farko bayan soja sun koma bariki. Garin ya buɗe, gine-gine na tsirowa ta ko'ina, wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka, duk wanda ka gani yana sauri. Sai ga shi a tsakiyar wannan wadata masana'antarmu ta rufe, don masu ita sun ga shigo da kaya daga waje ya fi musu sauƙi. Aka sallame mu. Ni na koma gidana a Jikwoyi da ɗan ƙaramin injin tana da na mallaka. Oga ya koma Tungan Maje inda ya yi ɗan gininsa, amma bai zauna ba. Masu ƙananan wuraren aiki a Idu suna aika masa duk lokacin da injinsu ya fara karkata, ya je ya daidaita musu. Da wannan yake ci da iyalinsa, kuma da shi yake taƙama, don a duk yankin in aka ce Bitrus ya sa hannu a inji, magana ta ƙare.

Wata rana na ji labarin za a sayar da tsofaffin injinan masana'antar ga 'yan gwangwan, a auna su a kan sikeli kamar buhun masara a farfasa. Na hau mota na tafi na gaya wa Oga. Washegari muka tarar da milin ɗin a bayan sito, damina ta yi masa duka son ranta, ya yi jawur da tsatsa, har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsa. Oga ya zagaya shi sau biyu, ya kama hannun teburin ya murɗa da ƙyar, ya kara kunnensa a jikin ƙarfen yana saurare. Sannan ya miƙe ya goge hannu a wando.

"Ka saya, Isiya," in ji shi. "Tsatsa ne kawai a sama, ƙashinsa yana nan lafiya. Ni zan kankare maka shi. Amma abu ɗaya, ba za ka yi mini gaggawa ba."

Na yi masa alkawari a wurin, da zuciya ɗaya. Kuɗin sallamata na zuba a kai, na sayi injin a farashin ƙarfe.

Kawo shi gida kansa labari ne. Motar da ta ɗauko shi ta kafe a taɓo tun kafin a shigo layinmu, sai da muka sauke shi muka riƙa gangara shi a kan bututun ruwa, maza takwas, tun hantsi har la'asar. Da muka iso ƙofa kuma ya ƙi shiga, na sa aka fasa bangon zaure. Wannan zauren mahaifiyarku Rabi ta daɗe tana ƙiyasta shi a ranta, tana son ta zuba kayan masarufi ta riƙa sayarwa. Ta fito goye da Ummi, ta dubi ramin bango, ta dubi tulin tsatsar da na jawo mata, ta tambaye ni ko wannan baƙon da aka rushe masa gida don ya shigo zai riƙa cin abinci da mu ne, ta san yawan tuwon da za ta tuƙa. Na ce mata ta jira ta gani, wannan baƙon shi zai ciyar da mu. Ta ce Allah ya sa, ta koma ciki.

Wata guda na yi ina kwance shi gunduwa-gunduwa. Na jiƙa ƙusoshi a kananzir, na kwaso sheƙar ɓera daga cikin akwatin giya, na wanke tsohon giris da ya daskare kamar ƙanzo. Wannan duk aikin ƙarfi ne, kowane bakanike zai iya. Aikin Oga shi ne hanyoyin, wato shimfiɗaɗɗun fuskokin ƙarfen da teburi ke zamewa a kansu. In hanyar ta karkace ko da kaurin gashi ne, duk abin da injin ya yanka zai fito a karkace. Shi kuwa da hannu yake miƙar da ita. Yana da wata sandar ƙarfe miƙaƙƙiya da yake naɗewa a tsumma, ba ya bari kowa ya taɓa. Sai ya shafa mata shuɗin fenti siriri, ya goga ta a kan hanyar. Inda shuɗin ya kama, nan ne tudu. Sai ya ɗauki makankarinsa, wanda ya ƙera daga tsohon magagari, ya kankare wurin kaɗan-kaɗan, ya share, ya sake shafa shuɗi, ya sake gogawa. Haka zai yini, abin da ya cire a rana bai cika cokalin shayi ba. Inda ya gama sai ka ga ƙananan zane jere kamar ɓawon kifi. Ya ce mini a cikin waɗannan 'yan ramukan mai ke kwanciya, shi ya sa teburi ke tafiya sumul ba ya cin ƙarfe.

Ranar Asabar yake zuwa, don sauran ranaku yana Idu, Lahadi kuma ta coci ce. Daga Tungan Maje zuwa Jikwoyi mota uku yake hawa, ya keta garin gaba ɗaya, ya sha cunkoson Nyanya, amma kafin rana ta yi zafi za ka ji sallamarsa. Rabi da ta fara da ƙorafi, ita ce ta je wajen wata maƙwabciyarmu ta koyi gwaten acca don ta ji shi ne abincin garinsu. Ranar farko ya ci ya ce mata yakuwar ta yi yawa, ta ce Baba ai ba a raina hannun ɗan koyo, ya yi dariya har da tari. In an kira azahar shi yake tuna mini in je in yi sallata, ya ce ƙarfe ba ya gudu. Waɗannan Asabobin suna cikin mafi daɗin kwanakin rayuwata, ban sani ba sai daga baya.

Wata uku aka yi a haka, ni kuwa na fara ƙosawa. Abokan aikinmu na dā kowa ya kama wani abu, wannan ya sayi babur, wancan ya fara gini, ni ina zaune ina kallon tsoho yana wasa da shuɗi. Ana cikin haka wani Alhaji ɗan Katsina mai gidajen buga bulo ya ji labarin ina da milin. Injinan kwaɓa simintinsa suna yawan cinye haƙoran giyarsu, kuma ya gaji da jiran a kawo masa daga Legas. Ya zo da bakanikensa su ga wurin. A lokacin saura fuska ɗaya Oga ya gama. Alhaji ya sunkuya ya dubi hanyoyin da aka sha wata uku ana kankarewa, ya sa farce ya karta, ya yamutsa fuska. Ya ce wannan ƙarfe ai duk ya tsattsage, kamar fuskar wanda ya yi agana, ta yaya inji mai kaushi haka zai fitar da aiki mai kyau? Ya ce zai dawo Juma'a, in ya ga injin ya yi kama da inji zai ba ni aikin.

A nan ne ya kamata in buɗe baki in yi masa bayani, don na san amfanin zanen nan, an gaya mini ba sau ɗaya ba. Amma kunya ta kama ni. Mutum ya zo da babbar mota ya tsaya a zaurena mai fasasshen bango, sai na ji ni da injin duka mun zama abin raini. Na ce a raina ai ba wani abu zan cire ba, sama-sama zan bi in fito da ƙyalli, miƙewar tana nan. Ranar Laraba na aro giranda, injin nan na goge ƙarfe, a wajen mai walda na bakin titi. Rabi ta ji ƙarar ta leƙo, ta ga tartsatsi na tashi daga inda Oga yake hana ko ƙuda sauka.

"Baban Ummi, Baba ya san da wannan?"

"Injin nasa ne ko nawa?"

"Naka ne. Amma wahalar tasa ce. Ka bari zuwa Asabar mana, kwana uku ne."

Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta, ban taɓa shiga madafa na koya mata sa gishiri ba. Wannan bakin nawa kun san shi, ba yau ya fara ba. Na bi hanyoyin duka da giranda, na bi da samfefa, na shafa wa gangar jikin koren fenti. Kafin yammacin Alhamis injin yana walƙiya, kana ganin fuskarka a ciki. Ranar Juma'a Alhaji ya zo ya ce yauwa, yanzu na ga inji, ya ba ni aikin. Na shiga gida ina taku ɗai-ɗai ina jiran Rabi ta yaba, ita kuwa ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Asabar Oga ya yi sallama kamar kullum. Ya ajiye jakarsa, ya juya, ya tsaya. Sannan ya matsa ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan hanyar ya ja a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya fito da agogon awo mai allura ya ɗaura, ya murɗa teburin. Allurar da satin da ya wuce take tsaye cak ko gezau, yanzu sai rawa take yi hagu da dama. Ya tambayi wanda ya yi, na ce ni ne.

"Abin da giranda ya ci a nan ya wuce inda hannu zai gyara," in ji shi. "Ka yi rami a tsakiya, ka zubar da gefe. Ko shekara na yi a kai ba zai dawo ba."

Da na yi shiru a nan, ko na ce Oga ka yafe mini, da wannan babin bai zama dole ba. Amma na sha jinin jikina, kuma ni in na ji tsoro faɗa nake yi. Na ce masa zamani ya canja, mutanen yanzu ƙyalli suke saye, ba wanda zai jira wata huɗu ana tsakurar ƙarfe da cokali. Ya dube ni, ya ce to. Ya naɗe sandarsa a tsumma, ya sa makankarin a jaka. Rabi ta riga ta kawo gwate, sai ya zauna a kan benci ya cinye tas don kada ta ji ba daɗi, ya yi mata godiya, ya shafa kan Ummi. Ban raka shi bakin titi ba, na tsaya ina goge abin da ba ya buƙatar goge.

Na yi aikin Alhaji duk da haka, ina gaya wa kaina allura ce kawai take rawa. Giyoyin suka fito suna sheƙi, amma haƙoran wani gefe sun fi na wani zurfi. Sati biyu suka yi a cikin injinan kwaɓi suka cinye juna, aiki ya tsaya masa a wurare biyu. Ya zo da rana tsaka shi da bakanikensa, ya zube ɓaragurbin a ƙofar gidana, ya yi mini tatas a gaban maƙwabta. Da ya gaji ya tsare ni da ido ya ce in gaya masa gaskiya, ni ne ban iya ba ko injin ne. Mutane sun yi cirko-cirko suna jira, ni kuma ina ganin sana'ar da ban ma fara ba tana shirin mutuwa a bakin ƙofa.

"Injin ne, Alhaji," na ce. "Wanda ya gyara mini shi tsufa ya kama shi, ido ya tafi."

"Oga Bitrus?" in ji bakaniken.

Na gyaɗa kai. Iyakar abin da na yi ke nan, kalma goma sha biyar da gyaɗa kai ɗaya. Bakaniken nan ba wurin aikin da ba ya shiga a Idu, kuma bakinsa ba ya ajiya. Alhaji kuwa ya sauko, har ya tausaya mini, ya ce tsofaffi ba sa yarda sun gaji. Ya fara ba ni ƙananan ayyukan tana, ya haɗa ni da abokansa, cikin shekara guda na ɗauki ma'aikata na kama shago a bakin titi. Ɗakunan da kuka girma a cikinsu da makarantun da kuka yi, daga wannan ƙofar suka shigo, ba zan ɓoye muku ba.

Labari ya riƙa dawo mini cewa an daina aika wa Oga. Masu wuraren aiki suna cewa Allah sarki, ya yi zamaninsa, ai ya lalata wa yaronsa inji sukutum. Rabi ta ji abin da na faɗa daga bayan ƙofa, kuma ba ta taɓa goranta mini a gabanku ba. Amma duk ranar Juma'a da yamma sai ta ce, gobe Asabar, Tungan Maje dai ba Makka ba ce. Ni kuma in ce aiki ya yi yawa, sai wani satin. Sau ɗaya na kai har Zuba, dab da Tungan Maje, na sauka na sha ruwan leda, na tsallaka titi na hau motar dawowa. Ban san da wace fuska zan shiga gidan ba, kuma kullum jinkirin yana ƙara wa abin nauyi. Haka na ci shekara ɗaya da rabi.

Sai wata safiya wani tsohon abokin aikinmu ya kira ni a waya ya ce Oga ya rasu, hawan jini, kwana biyu kawai ya yi a kwance. Wannan karon na isa Tungan Maje. An kafa rumfa a ƙofar gida, matan coci suna waƙa a ciki, mutanen Idu sun cika benci biyu. Matarsa Mama Saratu ta hango ni ta sa aka kira ni ɗaki. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ina addu'a a raina Allah ya sa ba su taɓa jin abin da na faɗa a kansa ba.

"Ya ji, Isiya," in ji ta. "Tun satin farko ya ji. Na ɗaura zani zan zo Jikwoyi in same ka, shi ya hana ni. Ya ce kai yanzu kake farawa, kana da ƙaramin yarinya, in aka ce hannunka ne ya ɓata aiki ba wanda zai sake kawo maka. Ya ce shi ya riga ya ci nasa, a bar maganar a kansa."

Ta ce ba ta kira ni don ta yi mini faɗa ba, shi ma bai riƙe ni ba.

"Abu ɗaya ne ya dame shi," ta ce. "Ba ka zo ba."

Na fito na zauna cikin mutanen Idu. Ana ta yabon mamaci, kowa na kawo abin da ya tuna. Sai wani dattijo mai wurin aiki ya nisa ya ce ba a taɓa yin mai hannu irin Bitrus ba, ƙarshe ne dai ido ya ci amanarsa. Ya juyo gare ni ya ce, ko ba haka ba Isiya, ai kai abin ya faɗa wa. Duk waɗanda ya kamata su ji gaskiya suna wurin, a benci biyu, ba sai na bi kowa gida ba. Allah ya kawo mini dama har inda nake zaune. Na buɗe baki na ce, sai haƙuri. Aka ce haka ne, aka ci gaba da hira.

Yawancin mutanen da suka zauna a rumfar nan sun mutu da abin da na gaya musu, Mama Saratu ma ta bi mijinta. Na yi istigfari iya iyawata, amma na san haƙƙin mutum ba a wanke shi a kan dadduma. 'Ya'yansa biyu suna nan a gidan, da jikoki. Ummi, ke ce babba, kuma ke ya shafa wa kai. Na gaya wa mahaifiyarku ta shirya, Asabar mai zuwa za ki tuƙa mu, don idona ya daina ganin titi sosai. In muka isa ni zan yi magana da bakina. In kuma kika ga na fara kame-kame, kin san halina, ki buɗe wannan shafin ki karanta musu da ƙarfi: idon ubansu lafiyarsa ƙalau har ya koma ga Mahaliccinsa, ni Isiyaku na ɓata injin da hannuna ranar wata Laraba, kuma na bar shi ya ɗauka.